'Yan Tuluna Biyar Na Ƙasar Sin

Riyad, 14 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Yayata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya. Uwargida Safiyatu tana lafiya, ɗanmu Nuru kuwa Larabci ya fara fin ƙarfin Hausarsa. An sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, kuma aikin wayar lantarki da nake shugabanta a Unguwar Ofisoshin Jakadanci yana tafiya daidai. Mutumin da ya bar Funtuwa da filaya ɗaya a aljihu, yau injiniyoyi ke neman shawararsa. Wannan yin Allah ne, amma gumi ma ya zuba.

Yaya, abokin aikina Dawuda ya dawo daga hutu, ya ba ni labarin saƙon da na aiko shi da shi. Ya ce kin buɗe kwalin a tsakar gida, kika ga 'yan tuluna biyar na tangaran, kika ce tsaraba ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Kin ba Gwaggo Hansai guda ta zuba kwalli, matar liman guda, maƙwabciyarki Huseina guda, kin riƙe biyu kina ajiye allura da miski. Ba zan ɓoye miki ba, ranar ko shinkafa ban iya ci ba. Amma da na natsu, sai na ga abin da Inna ta koya mana kika yi.

Bari in gaya miki ko mene ne su. A tsohuwar kasuwar Riyad na same su, wurin wani dattijo da ya ce kakansa ya karɓe su daga fataken teku. Aikin ƙasar Sin ne, sun girmi kakanninmu, ko da yake babu wanda ya fi yatsa tsawo. Na daɗe ina zarya kafin ya sallama, don ya ce ba ya sayar wa wanda bai san abu ba. Sirrinsu shi ne, shuɗin zanen da ke jikinsu kogi ɗaya ne. In aka jera su daidai, kogin zai taso daga dutse a na farko, ya bi ƙarƙashin gada, ya ƙare wurin wani masunci a na biyar. Masu tara irinsu sun ce in aka raba su, darajarsu ta zube. Niyyata in sa su a kabad ɗin gilashi a falon gidan da nake ginawa a Funtuwa, duk wanda ya shigo ya san Bashari ya ga duniya.

Safiyatu ta ce in aika da atamfa a musanya su cikin dabara. Na juya maganar, na ga ba ta yi ba. Abin da hannunki ya bayar da sunana, bakina ba zai karɓo ba. Ina zan kai idona in aka ce na ƙwace wa Gwaggo tandun kwalli? Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Saboda haka kowa ta riƙe nata.

Roƙona biyu ne kawai. Na farko, don Allah ki bi su da kanki ki ce kada a dirje su da toka da soso kamar kwanon sha, don ruwan zinaren bakinsu zai tafi ke nan. Tsumma mai laushi ya isa, kuma a ɗaga su daga inda yara ke kaiwa. Na biyu, in Allah Ya kawo ni ƙaramar Salla, ki tara su a ɗakinki, kowa ta zo da nata. Ni zan jera su a kan tabarma ku ga kogin ya haɗu, sannan kowa ta ɗauki abinta ta koma gida. Kabad kuwa, ya jira wani abin.

Ki gaishe mini da Gwaggo Hansai, ki ce mata masuncin yana wurinta, ta riƙe shi da kyau. A gaida Ɗanjuma da Balkisu, da Malam Liman da iyalinsa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki na kullum,
Bashari