Na Sa An Cire Shinge, Kabarin Kakana Ya Ɓace

Anti Odile, don Allah ki taimake ni, yau kwana tara kakata ba ta ce min ko ci kanki ba.

Ni ba ɗaliba ba ce, ko sakandare ban ƙarasa ba, abinci nake zuba wa ɗalibai a wata kwalejin Katolika nan Louisiana. Suna da ƙungiyar neman adalci tsakanin baƙar fata da farar fata, yara masu kirki wallahi. Ran nan ina zuba wa shugabarsu Maeve shinkafa da jan wake, bakina da ba ya shiru na ce ai maƙabartar cocin ƙauyenmu har yau akwai shingen waya a tsakiya, Turawa a gaba, mu baƙaƙe can baya wajen kwata. Sai ga hawaye a idonta. Suka je wajen Fada, limamin cocin, ya amince. Ranar Asabar suka zo mota biyu, aka yi addu'a, aka tumɓuke shingen, aka cike ramukan. Ni ce ma kan gaba, ina ta sa hotuna, mutane na ta yaba min.

Na kawo Kaka Eulalie don ta yi murna. Ta tsaya tana waige-waige kamar baƙuwa. Ashe namu na da ba a sa musu dutse mai suna, da turakun shingen ake gane su! Kakana Alcide yana turke na tara daga ƙofa, taku uku daga turken. Abin da ta ce kawai, yarinya, ina kika kai min miji?

Saura sati biyu Ranar Dukan Tsarkaka, da kowa ke share kabarin nasa ya kai fure, Fada ya sa albarka. Shekara talatin Kaka ba ta taɓa fashi ba. Kawuna sai tsiya yake min, wai ga uwar 'yanci ta iso, a ɓoye gadaje kar ta tumɓuke. Maeve na ta turo saƙo, na kasa buɗewa. Kaka ce ta rene ni, Anti. Ya zan yi?

Mai nadama, daga Louisiana

’Yata, share hawayenki. Shingen nan abin kunya ne, cire shi daidai ne. Kuskurenku ɗaya: kun tambayi Fada, ba ku tambayi masu gawa ba. Kakarki ba son wariya take ba. Abin da aka kafa don a wulaƙanta ta shi ta mayar alama, kuka ɗauke ba sallama.

Yi sauri kafin ruwan sama ya shafe sawu. Ramin da aka cike kwanan nan ƙasarsa daban take, za ku iya ƙirga su. Amsa wa Maeve yau, su dawo da igiyar awo da fegi. Ku bi tsofaffi gida-gida ku rubuta wa ke kwance a ina, don ba kakarki kaɗai aka ɓatar wa nata ba. Ba hoto wannan karon.

Ke kuma je ki durƙusa gabanta, kar ki kawo zancen kyakkyawar niyya. Ce mata kin yi kuskure, kuma ba wanda zai iya nuna wurin sai ita. Ko ba ta tanka ba, riƙe mata hannu ku tafi, ita ta yi takun nan uku da ƙafarta.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sa ku share kabarin nan tare.

Anti Odile