Rasuwar Baba Sifana da Suna na Tara

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Mai Girma Kwamanda, hafsoshi da ɗaukacin dakarun Rundunar Injiniyoyi da Gyaran Kayan Aiki na sanar da samun labarin rasuwar ubanmu, Saje Manjo mai ritaya, wanda kowa ya fi sani da Baba Sifana, da safiyar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayin shi ne na ƙarshe da ya rage cikin mutum tara da suka kafa wannan runduna a ƙarƙashin tanti guda, da jak ɗaya na ɗaga mota da akwatin sifanu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da motocinmu, kuma duk bakaniken da ya gyara birki a hannunsa, shi bakaniken zai fara gangarawa da motar daga tudun bayan gareji kafin a miƙa ta ga sojoji. Faɗa kam mun sha, amma wallahi muna ƙaunarsa.

Bana da muka tashi yin allon sunayen waɗanda suka kafa rundunar, sai muka tarar gara ta cinye takardun farko, kuma ba wanda ya san mutanen sai shi. Ya lissafo takwas ba gargada, har da kansa. Na tara, wani mai walda da ya taɓa janyo shi daga ƙarƙashin motar da jak ya zame mata, sunansa ya kwanta masa. Ya hana a kai allon wurin mai rubutu, yana cewa mutumin bai bar baya ba, in aka tsallake shi yanzu an tsallake shi har abada.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya bai wa mai ɗakinsa, 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, kuma muna yi wa uwarmu godiya ta musamman. Jiya da muka je gaisuwa, tun ba mu zauna ba ta tare mu da sunan mai waldan. Ranar Litinin sunan ya faɗo wa Baba a gadon asibiti, ba biro a kusa, sai ya sa ta yi ta maimaitawa. Kwana biyu tana karɓar gaisuwa tana nanata shi a zuci, don kada ya kuɓuce mata.

Sa hannu:
Manjo, Kakakin Rundunar,
a madadin Mai Girma Kwamanda