Sun Ba Kogi Gonata

Litinin, 9 ga Oktoba
An karanta mana dokar a zauren taron ƙauye. Za a ja jingar kogin Tisza baya, wai a ba ruwa wurin baje kansa. Gonar tuffata ta faɗa ɓangaren kogi. Ba gini, ba shinge. Ƙanena Dezső, da ke kwamitin jinga, har da ɗaga hannun amincewa.

Laraba, 11 ga Oktoba
Ya zo cin miyar kifi, ko kunya babu. "Yaya Piroska, gonar taki ce har gobe, aronta kawai kogi zai riƙa yi." Na ce to kogin ya zo ya tambaye ni da bakinsa. Ban ƙara masa miya ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba
Sun tumɓuke shingen da marigayi mijina ya kafa. Ban je ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Ƙanƙarar duwatsu na narkewa, ruwa na hawa. Doka ta ce kowane gida ya ba da mai gadin jinga. Ni kaɗai ce a gidana, sai na saka takalman roba na tafi. Aka haɗa ni da Etelka, maƙwabciyata mai jego. Ta ce ambaliyar baya a kan rufin ɗaki ta tarar da uwarta. Yanzu ga jariri, idan ruwa ya shigo ina za ta kai shi? 

Lahadi, 17 ga Maris
An buɗe ƙofar ruwa ta jikin jinga da hantsi. Ina tsaye ruwa ya shiga gonata a hankali, ya kai itatuwan iya wuya. Ƙauye kuwa ko ɗigo bai shiga ba. Etelka ta kama hannuna, na ce sanyi nake ji, na zare.

Talata, 7 ga Mayu
Ruwa ya janye. Ƙananan itatuwan sun mutu, tsofaffin sun yi fure. Laka har gwiwa.

Juma'a, 24 ga Mayu
Na iske Lajos mai awaki yana kafa rumfa a bayan jinga, ta ɓangaren kogi. Ban san lokacin da na ce, "Cire ta, nan hanyar ruwa ce, doka ta hana," ba. Ya saki baki yana kallona. Na roƙe shi kada Dezső ya ji.