Dutsen Bai Kai Hanya Ba

Zuwa ga Yayana Sule, a hanyar Makka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ga labarin tsaunin nan na hanyar Riruwai da ka bar mu muna fama da shi.

Ka tuna ranar da hedima ya tara mu leburori, ya ce duk damina duwatsu na gangarowa su tare motocin kuza, dole a gyara. Kai ka fara ɗaura igiya a ƙugu ka hau. Ni na tsaya a ƙasa na kasa hawa, kana yi mini dariya daga sama.

Kai ka koya mini ƙwanƙwasa dutse da guduma in saurara. Kakan ce, "Wanda ya amsa kamar ganga ya rabu da uwarsa." Irinsu muka yi ta ɓamɓarewa. Manyan kuwa mu hura musu wuta, mu kwara ruwa su tsage.

Bayan tafiyarka mun sassare tsaunin hawa-hawa kamar yadda ka nuna mana, mun ja wa ruwa hanya ta sama, muka haƙa rami mai faɗi tsakanin gindinsa da hanya. Wani ƙaton dutse can ƙoli ne ya gagare mu. Kullum na wuce sai na ɗaga kai.

Ran kasuwar Tudun Wada aka sheƙa ruwa. Inna na cikin motar da ke dawowa, tare da matarka Hajara goye da ɗanka. Ina gadi a kwanar gindin tsaunin riƙe da jan ƙyallen tsai da motoci, na hango motar ke nan na ji ƙugi a sama. Yaya, dutsen ne ya taho. Ya daki hawan farko, ya daki na biyu ya dare, ya zube cikin ramin. Tsakuwa kaɗai ta kai hanya.

Direba ya tsaya, mutane suka sauko cikin ruwa ana ta hamdala, Hajara na raba goron da ta sayo. Ɗanka ko farkawa bai yi ba.

Ka san Inna ba ta kama sunanka, ɗan fari. Ta daɗe tana duban tsaunin, sannan ta yi murmushi ta ce, "Ashe wancan ya bar mana hannunsa a nan."

Allah ya kai ka lafiya, ya karɓi ibadarka, ya dawo mana da kai ka gani da idonka.

Ƙaninka mai kewarka,
Garba, daga Doguwa