Fuskar Saurayin da ke Jikin Gilashi

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Jamilatu na rubuta wannan da hankalina cikakke. Jibi za a kai ni Sakkwato a yi mini aiki a ciki. Inna na cewa ba komai, amma na ga idonta. Ban haifi kowa ba, sai dai ku ƙannena, ke Altine da ke Dudu, ni na goye ku, don haka da ku nake.

1. Littattafan soyayyata suna ƙarƙashin katifa. Na Altine ne. Dudu, ki bari sai kin ƙara girma.

2. Injin wasan nan mai maɓallai da ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki, da marigayi Baba ya sayo wurin ma'aikatan madatsar ruwan Kainji, wanda ke shagonmu na kasuwar Yelwa, na bar muku kula da shi. Kada a matsar da shi kusa da bandar kifi. Rawayan nan da ke kan katakonsa hayaƙi ne, ba tsufa ba. Baƙin tabon gefen maɓallai kuwa maiƙon hannun masu cin soyayyen kifi ne. Ni kunya ta hana ni ce musu su wanke hannu. Ku kada ku ji kunya.

3. In za ku goge shi, ku fara cire wuta. Tsumma mai laushi, ruwa kaɗan, ku matse sosai, ku bi da busasshe. Kada Inna ta sa masa toka da yashi, ba tukunya ba ce. Da damina raɓar tafkin Kainji na sa ƙwallon ƙarfen tsatsa, shi kuma ya yi ta zana jan layi duk inda ya gangara. Ku riƙa cire shi kuna naɗewa a ƙyalle.

4. Wannan shi ya hana ni sukuni. Gilashin sama mai hoton saurayi da budurwa a bakin ruwa, fentinsa ta baya yake. Ban sani ba. Kullum ina kallon saurayin nan ina raɗa masa suna, har wani tabo ya fito a kumatunsa, na kasa jurewa. Na buɗe bayan, na sa kalanzir kamar yadda muke yi wa fitila. Shafa ɗaya, rabin fuskarsa ta biyo tsumman. Yaya Basiru ya tarar da Altine a wurin, ya mare ta gaban jama'a, ni kuwa ina tsaye na yi shiru. Wata takwas ke nan ba ta ko gaishe shi. Altine, ni ce. Wallahi ni ce. Tsoro nake kada in tafi da hakkinki a wuyana.

5. Dudu, ki karanta wa Yaya wannan da ƙarfi, har ƙarshe. Yaya, ka nemi gafararta a shagon, inda ka mare ta. Bayan gilashin kuwa kada kowa ya sake taɓa shi, ko da ruwa.

Allah ya raya ku, ya sanyaya zuciyar Inna. Ku ci abinci a kwano ɗaya kamar da, ko ina nan ko ba na nan.

Altine, motar Sakkwato za ta tashi jibi bayan asuba. In kin yafe, ki zo ki riƙe mini jaka zuwa tasha. Ba sai kin ce komai ba.