Laka a Ƙafar Kapiten

Mokoyo, Maraɗi
9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Idirisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da aiki, da sanyin Arlit da aka ce ya fara cizo. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan sai godiya, Tasalla da yara suna gaishe ka. Tun da ka ce reson waya wurinku sai an hau tudu, na koma wa takarda, direban bas ɗin Talata zai kawo maka.

Yaya, fadar magoya bayan Guguwar Gulbi da ka kafa a ƙofar shagona ta kusa darewa biyu. Sati guda ban yi ɗinkin kirki ba, keke a tsaye, baki na ta aiki.

Ka san ekip, wato kulob ɗinmu, ta yi sabon shugaba, Alhaji Muhammad Auwal mai atamfa. Mutumin bai zo da wasa ba. Ya sallami 'yan wasa huɗu, ya kawo biyar, cikinsu har da wani yaro Habib daga Damagaram, ɗan tsakiya. Kai, yaron nan ya iya ƙwallo! In ya ba da fas sai ka ce da ma'auni ya gwada. Wannan duk ba a yi gardama a kai ba. Inda aka kai ruwa rana shi ne barasar, ƙyallen nan da kapiten ke ɗaurawa a damtse. Alhaji ya ce mu magoya baya mu faɗi ra'ayinmu, a bar wa Sha'ibu ko a ba Habib.

Ni dai ban ɓoye ba. Sha'ibu shekara talatin da huɗu, shekara tara yana kapiten. Da an dawo hutun rabin lokaci sai ya riƙa jan ƙafa kamar an ɗaura masa buhun hatsi. Bara sau nawa aka wuce shi yana kallo? Ɗan'auta mai kabu-kabu kuwa, ka san shi da kafiya, ya ce aikin kapiten ba a fili yake ba, a ɗakin sa kaya yake. Na ce to madalla, ya gaya mini me Sha'ibu ke yi a ɗakin. Huɗuba? Addu'a? Zagi? Ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya ce shi ma bai sani ba, ya dai san yara kan shiga da fuska goma sha ɗaya su fito da fuska ɗaya. Na ce wannan waƙa ce, ba hujja ba.

Aka ɗaga hannu, sha ɗaya da sha ɗaya. Ni ne shugaba, ni na raba gardama, na ba Habib. Ɗan'auta ya tunatar da ni cewa 'yan ekip ɗin Tsibiri sun daɗe suna zawarcin Sha'ibu, in ya ji an wulaƙanta shi zai tafi. Na ce hanya a buɗe take, Tsibiri ba Makka ba ce.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Ranar da aka sanar, Sha'ibu ya kwance barasar da hannunsa, ya ɗaura wa Habib, har da dafa masa kafaɗa. Kowa ya tafa ban da yaran ƙauyen Jiratawa uku da ke ekip. Inusa mai ci mana ƙwallo kuwa, ɗaya daga cikinsu, ya juya baya yana share hawaye da mayo, rigarsa ta wasa. To me ya yi zafi? Shi ne fa zai fi kowa morar fas ɗin Habib. Kai da ka buga da Sha'ibu, don Allah ka gaya mini abin da ke tsakaninsa da yaran nan.

Ka gaida abokan aiki. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Abdulmuɗallib


Mokoyo, Maraɗi
14 ga Disamba

Yaya Idirisa,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙane ga wansa. Takardarka ta iso, da dabinon da ka aiko, yara sun yi wawaso, Allah ya saka da alheri. Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Amma amsar da ka ba ni ba ta ƙosar da ni ba. Ka ce a zamaninku babu ɗan Jiratawa ko ɗaya a ekip, saboda haka ba ka sani ba. To ni wa zan tambaya?

Labari dai ba daɗi. Mach huɗu, an ci mu uku, ɗaya kunnen doki. Yanzu in Ɗan'auta ya zo wucewa sai ya rage gudu, ya yi mini oda sau biyu, ya wuce. Wallahi da ya zage ni ya fi mini.

Kuma ba laifin Habib ba ne a fili, yaron na yin nasa. Ya kawo ma sabon tsari irin na manyan ekip: duk ranar mach kowa ya hallara gidan Alhaji tun ƙarfe takwas na safe, a ci abinci tare, a huta, ba mai fita sai a tafi stad, filin wasa, da la'asar. Ni na yaba. Sai dai Inusa sau biyu yana zuwa bayan azahar, sau ɗaya bai zo ba sam. Ranakun da ya zo ɗin ma, gudu yake kamar wanda ya tashi daga masassara. Habib ya tambaye shi dalili gaban mutane, ya sunkuyar da kai. Aka ajiye shi benci. 'Yan kallo suka bi shi da ihu, ɗan zogale ya koma ƙauye. Ba zan yi maka ƙarya ba, har da muryata a ciki.

A fada kowa da fassararsa. Wasu sun ce Sha'ibu ke zuga yaran, don an ji ya roƙi Habib a ɗauke wa 'yan Jiratawa zaman safe, aka tambaye shi dalili ya ƙi faɗi. Wasu sun ce asiri ne aka binne a raga. Wani ma cewa ya yi Inusa budurwa ya yi. Ni kuwa na ce gani ya kori ji. Na fake da gyaran lambar mayo, na shiga ɗakin sa kayan da allura da zare, na zauna a lungu na kasa kunne. Yaya, ban ga komai ba. 'Yan birni gefe guda, 'yan Jiratawa gefe guda, Sha'ibu a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, bai ce ko a ba. Na fito da haushi fiye da yadda na shiga.

Ga kuma abin da ya ɗaure mini kai. Yanzu minti ashirin na ƙarshe ake sa Sha'ibu. Mutumin da muka ce ya tsufa, ranar Lahadi ya bi wani yaro ɗan shekara goma sha tara tun daga tsakiya, ya cim masa, ya ƙwace ƙwallo. Na ce ko don hutun benci ne, amma bara tun minti na goma yake haki. Ina ya samo ƙafafun?

Shekaranjiya Tasalla ta dawo daga suna, tana ba ni labarin mata ina jin ta da rabin kunne, sai ta ce Rahma matar Sha'ibu ta ce ita kam ta gode wa wanda ya karɓe barasar, ta huta da wankin laka a wandon mijinta duk Lahadi. Na ajiye cokali. Laka? A rani? Ina laka a Maraɗi bayan kaka, in ba a gulbi ba? Tasalla ta ce ita ba ta tambaya ba, kuma in bar ta ta ci abincinta.

Ruwa ba ya tsami banza. Lahadi mai zuwa ba zan jira la'asar ba, zan bi sawun lakar nan in ga inda ta fito. Lokaci kuma ya ƙure, don an ce 'yan Tsibiri sun ba Sha'ibu zuwa ƙarshen wata ya ba su amsa. Wancan karon na ce ya tafi. Yanzu ban sani ba, ina so dai in san abin da zan rasa kafin in rasa shi.

A gaida kowa da kowa. Ka riƙa rufe ƙirji da safe.

Naka,
Abdulmuɗallib


Mokoyo, Maraɗi
2 ga Janairu

Yayana Idirisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da mutanen wurinku. Gida lafiya. Ni ne dai jikina lafiya, raina ba daɗi. Ka gafarce ni da jinkiri, na fara takardar nan sau biyu ina yagewa.

Na je Jiratawa. Na ajiye girman kai na roƙi Ɗan'auta ya kai ni, muka isa da hantsi. Mun tarar da Inusa cikin gonarsa ta tattasai, wando a naɗe, laka har gwiwa, yana fasa bakin fangali da hauya yana toshe wani. Da ya gan mu ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ga yadda abin yake, Yaya, ni da aka haifa a birni ban taɓa sani ba. Ruwan noman rani a can layi ake bi. Inji ɗaya ne ke ba gonaki da yawa, kowa da ranarsa da sa'o'insa, kuma layin zagayawa yake, yau ya faɗo maka Talata, wani zagayen Lahadi. In ruwa ya zo ba ka nan, ya wuce ka sai wani zagaye. Tattasai kuwa in yana fure ya sha ƙishi, furen zubewa yake, shekara ta tafi. Inusa shi ke ci da uwarsa da matarsa da 'ya'ya biyu daga gonar nan. Ruwa ba ya san ranar mach.

Shekara shida ke nan, duk Juma'a bayan masallaci Sha'ibu kan hau moto, wato babur, ya je wurin mai rabon ruwa, ya ji ko layin wani cikin yaran uku ya faɗa Lahadi. In ya faɗa, ya bi maƙwabta yana roƙon musaya. In ba wanda ya yarda, shi da kansa ke zuwa tun asuba ya riƙe hauya har azahar, yaron kuma ya kwanta ya huta don ya ci mana ƙwallo. Daga nan ya wanke ƙafa ya zo stad, mu kuma mu zauna a inuwa muna ce masa tsoho. A ɗakin sa kaya ba huɗuba yake ba. Zagayawa yake ya raɗa wa kowane cikin yaran uku cewa gona ta sha, ya kwantar da hankali. Ga aikin da na yi ta tambaya ke nan.

Da aka kawo zaman safe a gidan Alhaji, sai hanyar ta toshe. In Sha'ibu ya ƙi zuwa, a ce yana yi wa sabon kapiten tawaye. In ya faɗi dalili, ya karya alkawari, don yaran sun sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Na tambayi Inusa me ya sa. Bai kalle ni ba, ya ce da ma ana ce musu 'yan zogale, ina ga an ji ban ruwa ke hana su wasa. Yaya, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na karɓi hauyar in taya shi, rabin awa ban kai ba bayana ya ƙage.

Na dawo na tara fada na faɗi komai, da izinin Inusa. Na je wurin Alhaji, shi ma na faɗa masa. Habib kuwa, Allah ya yi masa albarka, da ya ji sai ya kwance barasar ya miƙo mini, ya ce shi ƙwallo ya sani, bai san mutane ba tukuna, a mayar wa mai ita.

Jiya Alhamis mu takwas muka tafi Tsibiri, don an ce can yake atisaye. Mun same shi a filin bayan makaranta da yara matasa kewaye da shi. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na yi magana mai tsawo, na ba shi haƙuri, na ce ni na raba gardamar nan, na ajiye barasar gabansa. Ya ce ya sani tun ranar, kuma bai riƙe ni ba, don abin da ido ya gani na yi hukunci da shi. Amma ya ce tun Litinin ya ba 'yan Tsibiri kalmarsa gaban dattawansu, magana kuma zarar bunu ce. Ya ce in mayar wa Habib, yaron zai koya. Na roƙa, Ɗan'auta ya roƙa. Sha'ibu bai ɗaga murya ba, bai kuma motsa ba. Kwana uku kacal, Yaya. Da na ajiye girman kai da wuri, da yanzu yana wurinmu.

Da muka miƙe za mu tafi, ya ce abu ɗaya ya rage. Ya je Jiratawa Juma'ar da ta wuce, bai iya dainawa ba. Layin Inusa ya faɗa Lahadin nan, daga azahar zuwa magariba, daidai lokacin mach ɗinmu da 'yan Madarunfa. Ba maƙwabcin da zai yi musaya, tattasan kowa na fure. Shi kuma yana da wasa a nan Tsibiri. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wa zai je.

Mu takwas, masu bakin da ke cika stad, kowa ya sa ido a tabarma. Wallahi har ni, sai da na lissafa cewa shekara goma sha tara ban taɓa fashin mach a gida ba. Sannan na ce ni ne. Sha'ibu ya dubi hannuwana na tela, ya yi murmushi, ya ce in tafi da tsumma in naɗe tafin, kuma in fara da fangalin ƙarshe, don can ruwa ke wuyar kai.

Saboda haka Lahadi in an busa usur, ni ina Jiratawa cikin laka, ba zan san ko mun ci ko an ci mu ba sai na dawo. Sha'ibu kuwa ya tafi, ba zai dawo ba, kuma ni na kore shi. Ka taya ni addu'a bayana ya kai magariba.

Tasalla da yara suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Abdulmuɗallib