Ɗakin Jaki a Shekarar Ɗiban Gwamna

Dandamisa, 1943

Zuwa ga uwargida Ummuhani, a Ikara.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna? Allah ya sa kaffara ne. Ina gaida ƙanenki Tukur da zai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da rubutuna, don aji biyu na yi a elemantare malamin ya roƙe ni in koma gona.

Bayan haka, na yi ɓarna a bayanki. Kin san Ja'afaru da ƙanensa Lawal, samarin da ke kora doki a wurin matsar rake, waɗanda sanƙarau ya cinye musu gida bara? Ashe tun lokacin cikin tukar rake suke kwana. To, an aiko wa dagaci ya ba da mutane a kai Jos haƙar kuza, ɗiban gwamna ke nan, kuma ya ce da marasa makwanci zai fara, tunda babu mai zuwa yi masa kuka a kansu. Kin dai ga yadda maƙwabcinmu Ashafa ya dawo daga can, tari kawai ya kawo tsaraba, bai ga damina ba.

Sai na kori jakinmu daga ɗakinsa, muka share, muka yaɓe, muka yi sabuwar jinka. Na faɗa wa dagaci 'yan gidana ne. Hayarsu ciyawar jaki da ruwan randa. Jakin ya daina gaishe ni. Lawal kuwa, ranar farko sai da ya tambaye ni ko an yarda ya rufe ƙofa.

Ki gaida mutan gida.

Naki, Mamuda

*

Zuwa ga Ummuhani.

Gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Inna. Mu nan lafiya, sai dai wayona ya juyo kaina.

Dagaci ya kira ni zaurensa gaban dattawa. Ya ce ya yarda yaran nawa ne, madalla. Amma gidan da ke da maza huɗu dole ya ba da ɗaya, ga ni, ga su biyu, ga yaron nan namu na fari. Ya ce hakimi ba ya karɓar Lawal shi kaɗai don ƙanƙanta, Ja'afaru kuma in an ɗauke shi an bar ƙaramin ba kowa, saboda haka idonsa na kan namu. In ba na so, in mayar da su inda na samo su, a kwashe su biyun a cike lissafi. Ya ba ni zuwa ranar kasuwar Makarfi.

Ummuhani, ɗan fari ne. Sunansa ma ban taɓa kamawa a bainar jama'a ba, ta yaya zan buɗe baki gaban dattawa in ce a bar mini shi? Sai na yi abin da na iya, na ba su dariya. Na ce su ɗauki jakin, shi ma namiji ne kuma ba shi da makwanci. Suka yi ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa gumi har cikin wando.

Ja'afaru ya ji labari, ya naɗe tabarmarsu ya ajiye mini a bakin zaure, wai ba za su saka mini da wannan ba. Na ce in ya ƙara taɓa tabarmar nan zan aura masa Goggo Azumi mai daddawa. Ya mayar. Namu kuma sai wanke rigarsa na ga ya yi ya shanya, kamar mai shirin tafiya.

Kada ki faɗa wa Inna. Ki yi addu'a.

Mamuda

*

Tashar jirgin ƙasa, Zariya

Zuwa ga Ummuhani.

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin Tukur ya ci gaba.

Ranar kasuwa na je gaban yaran hakimi na ce ga namijin gidan Mamuda. Dagaci ya ce in bar wasa. Na ce wata huɗu ne kawai, kuma na gaji da tuwon da nake tuƙawa da kaina. Na tsuke ciki, na ɓoye furfura cikin hula, aka duba haƙorana kamar na doki aka rubuta ni. Kowa ya ɗauka shashancina ne na kullum, babu wanda ya ce don ɗa na yi, kin ga ban ji kunya ba.

Yaron namu ya biyo mu har bakin rafi. Na juya na ce ya koma ya ba jaki ruwa. Abin da na iya ce masa ke nan.

An ce sanyin can yana shiga ƙashi, bargo ɗaya ake ba mutum biyu. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu gidan maza uku ne, babu mai taɓa su. In kin dawo za ki tarar da baƙi biyu masu ci kamar fara. Na san ban shawarce ki ba, kuma gidanki ne, kina iya sallamarsu. Amma ranar da suka koma kwana cikin tuka, ki sani a banza na hau jirgin nan.

Ga shi ana kiran sunaye. Ki yafe mini.

Mijinki, Mamuda